Baƙon Iyatu Mai Gumi

Allah ya jiƙan Iyatu ta Gehuru, ya sa ta huta. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, ta aurar da wasu. Ta yi gumin shinkafa har tafin hannunta ya yi kanta kamar ɓawon ice. Amma duk wanda ya zauna da ita, abin da zai fara tunawa shi ne, tun ranar da aka raɗa wa ɗanta na fari suna har ranar da aka ɗauke ta zuwa makwancinta, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Sunansa Ɗalha.

Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wajenmu, amma ta Iyatu ta wuce ta kowa. Kakarta Bafillata ce, ita ta rene ta a Katanga, kuma a hannunta ta ɗauko. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. In ya shigo ta ƙofa, ita sai ta sami abin yi a bayan rumbu. Da aka yaye shi, ƙawarta Tani ce ta ɗauke shi, don danga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare. A ɗakin Tani ya yi wayo, a bayanta ya yi barci, ita yake kira Inna Tani. Saboda haka in Iyatu za ta yi maganarsa, sai ta ce “wancan na Tani”, kamar wata akuya ce ta maƙwabta ta shigo mata gida.

Tani ta fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin wannan. Kullum da la'asar sai ta ji murya ta saman danga.

“Ke Tani, ga ɗan tuwo nan ya yi saura, kaji za su ɓata shi.”

In Tani ta buɗe akushin, sai ta tarar da tsokar da ta fi kowace girma a tukunyar ranar, an binne ta a ƙarƙashin miya.

“Kajin gidanku 'yan gata na,” in ji Tani. “Har da nama aka aje musu.”

“Ke dai bakinki ya yi miki yawa. Amshi ki ba ni akushina.”

Haka suka yi shekaru. Da asuba su jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su turara ta a rabin ganga, su shanya, su casa a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Ranar kasuwar Jega a ɗora wa jakin mijin Iyatu. Gumin Iyatu ba ya karyewa, ba ya wari, masu tuwon tasha suna sanin nata da ido. Ita ce kuma mai riƙe wa unguwa lissafin zumunta. In ana rabon goron biki, ita ake tambaya kada a tsallake wani, ta jero dangi har na Birnin Malam da na Maiyama, da wanda ya yi fushi bara da dalilin fushinsa.

Ɗalha ya tashi yana kallon ƙanwarsa Balkisu tana hawa cinyar uwarsu, ana yi mata kitso, ana zaginta, ana rarrashinta. Shi ko zagin bai taɓa samu ba. Bai yi ƙorafi ba, don ya san al'ada ce. Ya girma ya zama yaron mota, ya zama direba, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kurmi. Wata shekara motarsa ta faɗi bayan Maiyama, ƙafarsa ta karye, aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero. Da labari ya iso Gehuru, mata suka cika gidan suna salati. Iyatu ba ta tambayi kowa komai ba. Ta zuba shanshera a turmi ta yi ta casa har hannunta ya fashe. Bayan kwana biyu ta miƙo ƙwaryar fura ta saman danga ta ce ta yi mata yawa, ko Tani ta san wanda zai sha.

Mantuwar ta fara ne a shekarar da aka yanke Kabi daga Sakkwato. A lokacin mijinta ya riga ya rasu, Balkisu kuma ta dawo gida da zama don ta kula da ita. Da Ɗalha ya zo da sabuwar lamba a motarsa, yara suna ta murna an ba mu jiha, Iyatu ta ce wa Tani, “Wai sun ce an ɗauke mu daga Sakkwato. To ni ga ni ga turmina, ban ji an ɗaga ni ba.” Aka yi dariya. Bayan kwana biyu ta sake faɗa, aka sake dariya. Da ta faɗa karo na biyar a yini ɗaya, kowane karo kamar yanzu abin ya zo mata, Tani ce kaɗai ta yi dariyar, don kada a gane.

Sai ta bar shanshera a wuta har ta ƙone. Sai ta sa wa miya gishiri sau biyu. Aka zo rabon goron wani suna, ta fara jero dangi, ta tsaya a tsakiya bakinta a buɗe, kamar wadda ta shiga ɗaki ta manta abin da ta zo ɗauka. Tani ta ƙarasa mata, ta ce ai gajiya ce.

Daga nan sunaye suka fara zubewa. Mutane kuwa ba su da tausayi a irin wannan, ko da sun zo da niyyar alheri. Kowa ya shigo gaisuwa sai ya durƙusa ya ce, “Inna, wa na ni?” In ta faɗa daidai a yi murna, in ta kasa a girgiza kai. Kowa yana da hanyar gwada ta, ban da mutum ɗaya. Yaya za a gwada ta da sunan da ba ta taɓa faɗa ba?

Wata rana Ɗalha ya dawo daga tafiya, ya gaishe ta daga bakin ƙofa kamar kullum, ta amsa wa bango kamar kullum. Ya zagayo gidan Tani ya zauna a kan turmin da aka kife.

“Inna Tani, ki hwaɗa min gaskiya. Tsohuwa ta san ni?”

“Ba ka ga ta ba ka baya ba?”

“Na gani.”

“To mi kaka nema kuma? Wa taka ba baya duk garin ga in ba kai ba? Randa ka ga ta dube ka, rannan ka zo ka tambaye ni.”

Tani ta faɗi haka ne don ta kwantar masa da rai, ba ta san ta ba shi ma'auni ba. Tun daga ranar, in ya sauke kaya ya dawo, kafin ya je gidansa sai ya biyo. Ya yi sallama, ya tsaya. In ta ja mayafi ta juya, sai ya sauke numfashi ya tafi. Mutum mai furfura a gemu, yana zuwa daga Legas don ya ga bayan uwarsa.

Da abin ya yi nisa, har ta fita neman mijinta a gona, Ɗalha da Tani suka kai ta asibitin Jega. Likitan wani mai sanyin murya ne, ya yi mata tambayoyi. Ta ce masa ba ta san wace shekara ake ciki ba, amma ta san rigarsa ba ta sha guga ba. Ya yi murmushi, ya ce ruɗewar tsufa ce. Tani ba ta gamsu ba.

“Likita, yayarta Hindu tana nan Katanga, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ta nesa. Har yau tana hwaɗa maka wanda ya auri wa tun zamanin Turawa. In tsuhwa na, don mi yab bar babba yak kama ƙarama?”

Likitan ya dubi Ɗalha, ya ji warin albasa a jikinsa, sai ya ce, “Kun san ban-ruwa a lambu. Ruwa ɗaya ne, fangali da yawa, a buɗe wannan a toshe wancan. To abin da mutum ya gado daga uwa da uba yana nan cikin jikinsa, ba ya zubewa, amma ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba. Jiki da kansa yake buɗe wani ya toshe wani. In shekaru sun ja, a wasu mutane sai aikin ya rikice a ƙwaƙwalwa, inda ya kamata a buɗe ya zauna a toshe. Abin da ya sa ya sami wannan ya bar waccan, masu bincike ma ba su gama sani ba.”

“Ana iya buɗewa?” in ji Ɗalha.

“Ba mu da fartanyar tukuna. Ku dai kada ku bar ta ita kaɗai kusa da wuta ko rijiya.”

Suka kamo hanyar dawowa. Iyatu ta manna fuskarta a tagar mota, nesa da ɗanta. Tani ta ga yana leƙen ta ta madubi, yana tabbatarwa.

Damina ta zo ta wuce. Aka cire albasa, aka sake dasawa. Iyatu ta daina gumi, aka jingine taɓaryarta. Ta manta sunan Balkisu, tana ce mata “yarinyar gidan ga”. Tani kuma wata rana Tani ce, wata rana Hindu, wata rana wata mata da ta mutu tun suna amare. Tani ta daina gyara mata. Kowane suna aka ba ta sai ta amsa, ta ɗauko gyaɗarta ta zauna kusa da ita tana ɓara.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, suna zaune a inuwar rumbu. Ɗalha ya yi sallama, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Iyatu ta ɗaga kai ta dube shi. Ta dube shi sosai, tun daga hula har takalmi, fuskarta ta washe.

“Maraba, maraba da baƙo! Ke, kawo tabarma. Bawan Allah, shigo daga ciki mana, rana ta yi zahi. Daga ina?”

Ɗalha bai motsa ba. Gyaɗar da ke hannun Tani ta zube.

“Zamna nan kusa, ban ji da nisa. An zo lahiya? Ya mutanen gida?”

Ya zo ya zauna a bakin tabarmar, kamar wanda aka ce ya zauna a kan garwashi. Ta miƙa hannu ta kama hannun rigarsa tana duba ɗinkin. Rabon da hannunta ya taɓa shi tun yana shan nono.

Tani ta kasa daurewa. “Iyatu, ke! Duba da kyau. Ɗanki na. Na wajena.”

Iyatu ta saki rigar kamar ta taɓa maciji. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana cewa, “Kun kashe ni, kun bari na yi abin kunya, mi mutane za su ce.” Ta yi kuka har ta gaji. Balkisu ta kawo ruwa. Kafin ruwan ya ƙare a moɗa, ta sauke mayafin, ta ga mutum zaune, ta ce, “A'a, baƙo munka yi? Maraba, maraba.”

Sau uku aka yi haka a zuwa uku. Tani ta faɗa mata, ta firgita, ta yi kuka, ta manta. A na ukun Ɗalha ya bi Tani har ƙofar gidanta. Idonsa a bushe yake, muryarsa ba ta rawa.

“Inna Tani, ki bari hakanan.”

“In bar ta tana yi maka maraba kamar ɗan talla?”

“Wahala kawai muka ba ta. In baƙo taka gani, to baƙo na.”

“Kai fa? Ba ka son ta san ka?”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. “Ina so,” ya ce. Ya juya ya tafi.

Daga nan ya zama baƙon Iyatu. Ba ta tuna zuwansa na baya, kullum sabo ne, amma kullum tana murna da shi. Ta sa masa suna Mai Albasa saboda warin da ke jikinsa. Tana tsokanarsa yadda take tsokanar mutane lokacin da take da lafiya.

“Mai Albasa, wanga tumbi duk naka na, ko ajiya anka ba ka?”

“Nawa na, Inna.”

“To Allah shi ƙara. Matarka ta iya tuwo ke nan. Amma ka ce mata ta riƙa ba ka sabulu.”

Yakan yi ɗan murmushi. Ta sa a zuba masa abinci, ta zauna tana kallon sa yana ci, tana cewa ƙara, ƙara, ba a kunya gidan ga. Abin da ya yi ƙuruciyarsa yana hange a wurin Balkisu, ga shi an tara masa, har ya yi yawa. Yana ci kamar mai shan magani. Tani tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta rasa ko daɗi za ta ji ko baƙin ciki, daga baya ta daina jin ko ɗaya. Ta dai san in ya fita yakan daɗe zaune cikin mota kafin ya tayar.

Abin da bai sani ba, kuma Tani ma ba ta sani ba, shi ne ko akwai sauran ɗan fari a cikin kan Iyatu, ko shi ma wurinsa ya toshe. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya, sai a bazarar ƙarshe, lokacin da ta rame har zobenta yana zamewa. Ranar ta tashi da ɗan ƙarfi, ta sha kunu, tana ta hira. Ɗalha ya aje cokali.

“Inna, kina da ɗiya?”

“Allah ya ba ni.” Ta ɗaga yatsu za ta ƙirga, ta dube su, ta sauke. “Suna nan dai.”

“Babu namiji ciki?”

Ta waiwaya hagu da dama, ta wuce Tani da ido kamar ba kowa a wurin. Sannan ta matso, ta rage murya.

“Akwai wani. Babba. Shi ma mota shika ja, irinka.”

“Mi sunanai?”

“Kai, ba ka da ta ido? A gidanku haka aka tambaya?” Ta buge masa gwiwa da bayan hannu. “Ba a hwaɗi.”

Tani ta daina ɓarar gyaɗa.

“Ya taɓa hwaɗuwa da mota,” in ji Iyatu. “Anka kai shi Aliero wajen masu ɗori. Kowa ya ce ban damu ba. Ni ko na bari sai da gari yaw waye, na ɗauki tiren gumi na ce kasuwa za ni. Da ƙahwa na tahi. Wa ka sayen gumi gidan masu ɗori? Na tsaya bakin zaure ina talla, ina leƙe. Na hango ƙahwar, an ɗaure ta da karare. Ƙahwar kawai na gani, ban ga huska ba. Sai na ga babban yatsan ya motsa. Na ce to, da rai. Na juyo gida.” Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. “Ko Tani ba ta sani ba. Da ta sani da duk Gehuru sun ji, bakinta kamar ƙwaryar da ta hwashe.”

Tani tana zaune taku biyu daga gare ta. Ta tuna ranar. Ta tuna ta leƙa ta danga ba ta gan ta ba, da yamma ta gan ta tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta ce ƙaya ta taka.

Ɗalha ya dubi ƙafarsa. Ƙafar tana nan miƙe a kan tabarma a gabanta, da tabon da karan ɗori ya bari a ƙwauri. Bai janye ta ba, bai kuma nuna mata ba.

“Yaron kirki na,” in ji Iyatu. “Bai taɓa ɗaga min murya ba. Shina zuwa, shi tsaya can bakin ƙohwa. Kwana biyu dai ban gan shi ba, hala aiki ya yi yawa.” Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu. “Ku masu mota kun san juna. In kun gamu bisa hanya, kak ka ce mai na yi zancenai. Ka ji? Amana na ba ka.”

“Na ji, Inna.”

“Ka rantse.”

“Ba ni hwaɗa mai.”

“Yawwa. Ci abincinka, ya huce.”

Ya ɗauki cokali ya ci gaba da ci har ya cinye.

Ba ta ƙara yin doguwar magana irin wannan ba. Kafin ruwan farko ya sauka ta daina gane kowa, baƙo ko na gida, sannan ta daina cin abinci. Ta cika da rana tsaka, kanta a cinyar Tani, Balkisu tana tofa mata addu'a. Ɗalha yana hanya, ya iso an gama wanka, ya sa kafaɗa ya ɗauki makara tare da mutane.

Aka yi zaman makoki. Hindu ta zo daga Katanga a kan babur, da hankalinta garau, tana gaya wa kowa shekarar da aka haifi marigayiya da irin ruwan da aka yi a shekarar. Masu gaisuwa suka yi ta tambayar Ɗalha ko tsohuwa ta gane shi kafin ta cika. Yakan ce Allah ya jiƙanta, su ce amin, a wuce wurin.

Bayan an share makoki ya shigo yi wa Tani sallama, don an yi masa lodi a Aliero. Ta raka shi har bakin zaure. Tun ranar hirar nan ba su taɓa tayar da maganar ba, kuma abin yana cin ta.

“Ɗalha,” ta ce, “ka dai ji abin da tac ce rannan. Ba ta manta ka ba. Aliero fa, da ƙahwa.”

Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

“Baƙo taf hwaɗa ma, Inna Tani,” ya ce. “Kuma ta ce kada ɗan nata shi ji.”

Tani ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin, ya sa takalmansa, ya fita.